Dutsen Murhu Na Uku

Tun da na dawo daga Gidan Runji matan unguwarmu ba su bar ni na huta ba. A bakin famfo, a gidan suna, har a hanyar islamiyya, tambayar ɗaya ce: Habsu, yaya wasan? Kin ga ƙawarki? Ni kuwa sai in ce lafiya lau, an yi wasa an tashi. Kowace rana na faɗi haka sai in wuni ina lissafin ko ƙarya na yi. Shi ya sa na ari kayen jikata, littafinta na makaranta, na zauna rubutu. A aji shida na bar lakol, ban samu sertifika ba, don haka wanda ya ga kuskure ya yi haƙuri. Wadda ta karanta ta ga ba za ta ƙara gaishe ni ba, ba zan riƙe ta a zuci ba.

Sai na fara da wasan, saboda yaran yanzu ba su riske shi ba. Muna 'yan shekara ashirin, ni da ƙawata Tsahara, kowacce ta yi auren fari ta fito, muka shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta samarin Gazawa. Ƙawance muka ƙulla irin na da, da goro da ɗan aike, wanda ba a kiran suna, sai dai Ƙawa. A lokacin ba a rubuta wasa a takarda. Mushen lakol, wato malamin makaranta, shi ke kawo ƙashin labari, kowa ya sa masa nama da bakinsa, a yi ta maimaitawa a bayan aji har ya zauna a ka. Wasan da ya fitar da sunanmu shi ne Murhu Ɗaya. Labarin zawarawa biyu ne, Lami da Dije, masu ɗaki ɗaya da murhu ɗaya, sun ƙi kowane manemi. Tsahara ce Lami, ni ce Dije. An kai mu garuruwa, an sa mu a rediyo. Har yau za ku ji mace ta ce wa namiji mai cika baki, "Tuwonmu ya nuna ba da itacenka ba," ba ta ma san daga bakin Tsahara maganar ta fito ba.

Abin da ke tsakanin Lami da Dije ba a faɗe shi a dandali ba, amma babu babban da ya kalla bai gane ba. Abin da ke tsakanina da Tsahara ma haka yake. Mutane suna da sunan da suke kiransa, maɗigo, suna faɗa suna tofar da yawu. Da ƙyar na rubuta kalmar. Abin da na sani kawai, ni da nake tsoron komai tun ina yarinya, in tana ɗaki ba na tsoron komai.

Wasan yana da ƙarshe biyu. Na farko shi muka yi wata guda muna gwadawa a bayan aji: mai gari ya ce su rabu, sai su kwashe duwatsun murhunsu uku a kwando su bar garin tare. Ana saura kwana kaɗan mu fita, shugaban ƙungiya ya ce wannan ba zai je gaban manya ba. Aka sake: kowacce ta karɓi miji, su raba tukwane, kowacce ta ɗauki dutse ɗaya, na ukun a bar shi a tsakiyar dandali. Shi duniya ta gani. Da magana ta fara yawo a kanmu, na karɓi auren mahaifin 'ya'yana, Allah ya ji ƙansa, ba wanda ya tilasta ni. Tsahara ta koma yamma wajen wanta. Ta aiko sau uku ban amsa ba. Shekara kusan arba'in ke nan.

Bayan an gama yankan gero na bana aka kira ni a salula. Wata ce ta ce sunanta Madam Balki, malamar lakol a Gidan Runji, suna da ƙungiyar matasa, za su farfaɗo da Murhu Ɗaya a fili. Ta ce Tsahara ce ta zauna ta zuba musu wasan daga kanta, amma daga baya ɓarin jikinta ya shanye, magana ta ɗauke. Ta ce in zo. Kwana huɗu ina ɗaure kaya ina kwancewa. Na gaya wa ɗiyata duba marar lafiya zan je, wanda gaskiya ne, ko da yake ba duka ba.

Da hantsi na isa tashar Gazawa, motar ba ta cika ba sai da rana ta ɗaga. Wuri ya ƙare, aka zaunar da ni a kan wani buhu a baya, ƙafata ɗaya a kan tayar ajiya. Kusa da ni wata Bafulatana ce mai suna Inna Dado, za ta Sae Sabuwa ganin ɗanta, tana rungume da gorar nono kamar jariri. Ta tambaye ni inda na nufa, na ce wajen ƙawata. Ta ce su ma suna da irin wannan, in ƙawa ta yi nisa sai a ba ta aron karsana, don kowace safiya ta ga dabbar ta tuna da mai ita. Ta tambayi me na ba tawa ƙawar ta riƙe. Na ce babu. Ta dube ni ta gefen ido ta ce Hausawa akwai sauƙin rabuwa.

A Agiye muka tsaya kusan awa biyu, direba ya ce birki yake gyarawa, amma a rumfar mai shayi na hango shi. A nan na lura buhun da nake kai na aya ne, kuma ya huje. Ban san lokacin da na tsinci uku na kai baki ba, sai da na ji zaƙin na farga ba tawa ba ce. Na tambayi mai buhun, aka ce ba ya cikin motar, aike ne za a sauke a Cadawa. Da muka isa Cadawa na sauka na tsaya sai wanda zai karɓa ya zo, fasinjoji suna ta masifa, direba yana danna oda. Wani saurayi ya zo da baro, na ce masa na ci aya uku a buhun nan, ya roƙar mini gafara wajen mai shi. Ya buɗe baki yana kallona, sannan ya ɗebo cikin hannu ya miƙo mini. Na ƙi karɓa, tunda shi ma ba tasa ba ce. Motar duka aka yi ta dariya har muka wuce gari. Inna Dado ta ce, "Ke in kin shiga wuta, mu sauran sai dai a ƙara itace."

Ku riƙe wannan na ayar, don ku san irin matar da ta yi abin da zan faɗa a gaba.

Kafin shiga Maraɗi akwai shinge, kowa ya fito da katinsa na ɗan ƙasa. Tun daga gida nake taɓa bakin zanena ina jin nawa yana nan, amma da na kwance na miƙa wa jandarma, sai ya juya shi ya ce, "Inna, ni ba na ba da magani." Katin awon jinina na likita na ba shi. Na zazzage jaka a ƙasa, su carbi, su sabulu, su garin kunun da na kawo wa Tsahara, kafin na samo na gaske a cikin aljihun ɗan tofi. Bai yi faɗa ba, har ya taya ni tsince kaya.

A Maraɗi muka rabu da Inna Dado, ta zuba mini nono a marfin gora na sha. Na hau babur ɗin kabu-kabu zuwa tashar yamma na rufe ido har muka isa. Azahar ta same ni a can. Na rasa ko tafiyata ta kai ta kasaru, na yi biyu, raina bai kwanta ba, na tashi na sake huɗu. Motar Gidan Runji ta fi ta farko sauri, don direbobin can ba sa son magariba ta same su a hanya. Daga Tsibiri zuwa gaba hirar motar duka ta ɓarayin daji ce, wane ƙauye aka kora shanu, wa ya koma gari da kwana. A wajenmu in an ga baƙo a hanya tambayarsa ake daga ina, a can sai a yi shiru a bi shi da ido. Maganarsu ma da bambanci. Wata mai zanen Gobirawa a kunci ta ce mini, "Mi kika zo yi garin ga?" Na ce dubiya. Ta ce Allah shi ba da lada, sai na ji ladan ya yi mini nauyi.

La'asar sakaliya muka sauka. Ɗiyar wan Tsahara mai suna Ai, wadda ke jinyarta, ita ta tare ni a bakin gudron, wato kwalta, ta ɗauki jakata. Gidan yana bayan kasuwa, ga kaskon suyar awara a kife a ƙofa, sana'ar da Tsahara ta ci da kanta shekara da shekaru. Ai ta ce gwaggonta ta yi aure sau ɗaya a can, bai kai damina biyu ba ta dawo, ba ta sake ba.

Na tsaya a bakin ɗakin ina gyara takalmi, ina jera su, ina sake jerawa. Da na shiga na same ta jingine da bango, an tokare ta da matashi. Ta bushe. Bakinta ya karkace gefe ɗaya, hannun dama yana kwance a cinya kamar ba nata ba. Idanun dai su ne. Na durƙusa na ce, "Ƙawa." Ta ɗago hannun hagu ta kama kunnena ta ja, yadda Lami ke jan na Dije a wasa in ta ƙona miya. Wani sauti ya fito mata, Ai ta ce dariya ce, rabon da ta yi tun kafin ciwon.

An kawo mini fura mai kauri, irin wadda ludayi ke tsayawa a ciki, ba kamar tamu ta gabas ba da muke sakinta da ruwa. Ni na ba Tsahara tata da cokali, rabi na shiga rabi na bin haɓa, ina sharewa da bakin mayafina. Ai ta shimfiɗa mini tabarma a ɗakin, ta ce ai ƙawaye sai a bar su su yi hira. Na dubi tabarmar, na dubi ƙofa, na ce ina da minshari, gara in kwana a ɗakin yara. Ba ni da minshari. Shekarata sittin da 'yan kai, ita ko juyi ba ta iyawa sai an juya ta, amma abin da ya zo mini shi ne me maƙwabta za su ce. Tsahara tana kallo na naɗe tabarmar na fita.

Kafin isha Madam Balki ta zo. Yarinya ce doguwa mai saurin magana, da allin lakol a gefen hijabinta. A zaure ta gaya mini dalilin kiran. Tsahara ba ƙarshen da aka sani ta ba su ba, na bayan aji ta ba su, wanda Lami da Dije ke tafiya tare. Ta ce musu shi ne na asali, kuma ba ta son ta mutu ba ta gan shi a fili ba. Wani ya leƙa gwaji ya kai ƙara wajen dattawan unguwa. Dattawan suka ce sun yarda a yi tsohon wasa ne yadda yake, ba sabon abu ba. Idan wanda ya yi shi a da ya shaida wannan ƙarshen nasu ne, a yi, idan babu shaida, a koma wanda aka sani. Mushen ya rasu, sauran sun watse, Tsahara ba baki.

Ta ce, "Inna, ke kaɗai kika rage. Ba ƙarya na ce ki yi ba. Ki faɗi abin da ya faru kawai."

Na ce to. Na tambaye ta ko Tsahara ta san da ƙarar, ta ce a'a, sun ɓoye mata saboda jininta.

Da safe bayan an karya kumallo aka kai ni ƙarƙashin wata bishiyar bedi kusa da lakol. Dattawa biyar ne a kan benci, ni aka ba ni tabarma. Na shirya maganata tun asuba, na maimaita ta sau ba adadi: mu muka tsara shi haka, daga baya aka sa muka sake. Babbansu, wani mai farin gemu da ake kira Malam Illa, ya gaishe ni da mutunci, ya ce shi ma yana saurayi ya taka daga ƙauyensu ya kalle mu, har ya kwaikwayi tafiyar Dije, aka yi dariya. Sai wani na gefensa, mai hular saƙa, ya tambayi wace unguwa nake a Gazawa. Na faɗa. Ya ce ashe gida ne, ƙanensa yana auren wata a layinmu, ya kira sunan surukar ɗiyata. Ya ce zai gaya musu ya gan ni.

Na ce ya gaishe su.

Malam Illa ya tambaye ni yadda wasan ya ƙare a zamaninmu. Na ce kowacce ta yi aure, aka raba duwatsu. Wannan gaskiya ce. Ya gyaɗa kai ya ce shi ma haka ya tuna. Madam Balki tana tsaye a bayana, ina jin numfashinta. Sannan ya yi tambaya ta biyu, a hankali, ba tare da wani tarko ba, har ina ganin so yake in ba shi hanya.

"To wanga da yaran ga ke yi, na tahiya tare, kin san shi? An ce ku kuka hwara tsara shi."

Na dubi mai hular saƙa. Na ga ɗiyata a gidan mijinta, na ga jikokina a hanyar lakol ana nuna su da baki. Na ce, "Na tsufa, Malam. Ban tuna ba."

Na tuna. Na tuna har kalar kwandon, da yadda Tsahara ke cewa in kama gefe kada dutse ya faɗo mini a ƙafa. Malam Illa ya ɗan jira, ko zan ƙara wani abu. Ban ƙara ba. Ya shafa gemu ya ce shi ke nan, a yi wanda aka sani, Allah ya sa a tashi lafiya. Muka taso ni da Madam Balki. Da muka zo kwanar lakol ta ce yara suna da awa biyar su koyi sabon ƙarshe, ko zan zo in nuna musu, tunda wannan na tuna shi. Na bi ta. Ni da hannuna na nuna wa yarinyar da ke Dije yadda za ta ɗauki dutse ta juya baya.

A nan na ga duwatsun. Biyu guntayen bulo ne aka shafa musu baƙin tukunya, ƙasarmu ta rairayi ce, dutse sai an nema. Na ukun dutse ne na gaske, baƙi, mai tsaga a gefe. Na gane shi tun daga nesa. Madam ta ce daga ƙarƙashin gadon Tsahara aka ɗauko shi, wai ranar da muka yi wasan ƙarshe ita ta koma dandali ta ɗauke wanda aka bari. Na tuna tambayar Inna Dado a mota. Ban ba ta komai ta riƙe ba, ita ta ɗauka da kanta.

Bayan la'asar aka yi wasan a filin ƙwallon lakol. A zamaninmu da fitilar gas ake yi, yanzu ba a taro bayan duhu. An kafa zana a baya, an zagaye fili da igiya, an ɗaura lasifika a jikin bishiya. Mata da yara a gaba, maza a baya kan babura, masu rake da masu awara suna zagayawa. An kawo Tsahara a amalanken jaki, an yi mata kwalliya da sabon kallabi, Ai da wasu mata biyu suka sauke ta a kan katifa. Aka ce tsofaffin 'yan wasa su zauna tare, aka tafa mana. Ta miƙo hannun hagu ta damƙe bakin zanena.

Yaran sun iya. Wadda ta fito a Lami gajera ce mai ƙatuwar murya, ta ɗauko har yadda Tsahara ke riƙe ƙugu. Manemin farko ya zo da zabi biyu, suka karɓe zabin suka kore shi. Na biyu malami ne ya zo da wa'azi, suka sa shi tankaɗe. Sun ƙara na zamani, wani da ya zo da salula yana ɗaukar kansa hoto. Da aka zo kan manemin da ya zo da itace, kafin Lami ta buɗe baki filin gaba ɗaya ya faɗa mata: tuwonmu ya nuna ba da itacenka ba. Akwai wurin da aka watse, su biyu kaɗai, Dije tana tsefe wa Lami kai ba mai magana. A nan fili ya yi tsit, wata a bayana ta ja tsaki, wata ta ce mata ta rufa wa mutane baki. Na saci kallon Tsahara. Leɓenta na gefen lafiya yana motsi, tana bin kowace kalma, har da nawa na Dije.

Mai gari ya yanke hukunci. Tsahara ta ja zanena sau biyu, tana nuna mini da haɓa wani kwando da ke jingine a jikin zana. An manta ba a kawar da shi ba. Nufinta in duba, ga shi nan zuwa. Na sunkuyar da kai.

Maimakon a ɗauki kwandon sai aka ji kalangu. Angwaye biyu suka shigo da manyan riguna, mata suka rangaɗa guɗa. Lami da Dije suka raba tukwane, wannan naki wannan nawa, kowacce ta ɗauki bulo ɗaya, ɗaya ta yi gabas ɗaya ta yi yamma. Yarinyar ta juya baya daidai yadda na koya mata. Dutsen ya rage shi kaɗai a tsakiya. Jama'a suka tashi da tafi, na ji wani yana cewa haka ake so, wasa mai tarbiyya.

Tsahara ba ta dubi Madam ba, ba ta dubi dattawa ba. Ni ta duba. Ba wanda ya gaya mata komai, amma ta san dalilin da za a kira ni daga Gazawa, kuma ta san ni. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta buɗe yatsunta ɗaya bayan ɗaya ta saki zanen, ta mayar da hannun kan cinyarta kusa da wanda ya mutu. Wurin da ta riƙe ya jiƙe da gumi ya tattare. Malam Illa ya zo ya yi mana barka, ni na amsa mana mu biyu.

Washegari na shiga yi mata sallama na tarar an juya ta tana fuskantar bango. Ai ta ce ita ta nuna a juya ta haka, kuma ta ƙi kunu. Na durƙusa a bayanta na kira ta Ƙawa, na sake kira. Na ce na yi ƙarya a gaban dattawa, na ce tsoro ne. Idonta a buɗe yake, ina hango gefensa. Na so in taɓa kafaɗarta, sai na ji motsin maƙwabciya a tsakar gida, na janye hannuna. Ko a nan ma.

Hanyar tasha ta bi ta filin lakol. An kwashe zana da igiya, sai ɓawon rake da awaki. Dutsen yana nan inda aka bar shi, ba wanda ya tuna da shi. Na tsaya ina duba ko ana kallona, na naɗe shi a ɗankwali na sa a jaka. Ya fi yadda na zata nauyi, hannun jakar ya tsinke tun kafin Tsibiri, na rungume ta a cinya har Maraɗi. A shinge wani jandarma ya ɗaga ta ya ce me ke ciki haka. Na kwance masa. Ya kira abokinsa ya zo ya gani, ya ce, "Inna, duwatsu sun ƙare a Gazawa ne?" Na ce eh, sun ƙare. Sauran hanyar ban tuna komai ba sai cewa mun tsaya a Cadawa, na ga buhunan aya a jere, na kau da kai.

Sai da na kwana biyu a gida ya faɗo mini cewa dutsen ba nawa ba ne, kuma ban roƙa ba. Na kira Madam Balki na ce ta je ta tambayar mini Tsahara, in bar shi ko in aiko da shi. Ta ce za ta je saboda Tsahara. Da yamma ta kira. Ta ce ta tambaye ta sau biyu, ta ce in eh ne ta matsa hannunta, in a'a ne ta ture shi. Ba ta matsa ba, ba ta ture ba, ido kawai ta rufe. Bayan sati uku Ai ta kira ta gaya mini rasuwar. Ban je gaisuwa ba, na rasa fuskar da zan kai.

Na tambayi malamarmu ta islamiyya hukuncin wanda ya ɗauki abin wani, mai shi ya rasu bai yafe ba bai hana ba. Ta ce a mayar wa magada. Na gaya wa Ai, ta ce su me za su yi da dutse, in jefar. To ga amsar tambayarku. An yi wasa, jama'a sun ji daɗi, na ga ƙawata. Dutsen yana ƙarƙashin gadona a cikin ɗankwalin. Jiya jikata tana shara ta jawo shi, ta ce, Kaka, a kai shi madafa? Na ce ta mayar da shi inda ta gan shi, dutse ɗaya ba ya ɗaukar tukunya.